KAFIN KA SAYA WA YARO ƘARAMAR MOTA TA HANNU

(Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar a wani taro na iyaye da matasa. Mun kawo muku shi gaba ɗaya domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai zaɓi ƙaramar mota ta hannu, mai sauƙin kuɗi kuma mai aminci, domin saurayi ko budurwar da suka fara tuƙi. Ni ba bakanike ba ne, ba kuma dillali ba. Abin da ya sa na karɓi wannan aiki shi ne wani abu da ya faru a gidanmu, wanda har gobe yana yi mini ciwo.

Ɗan yayana ya sami aiki a hedkwatar ƙaramar hukuma, nesa kaɗan da ƙauyenmu. Mahaifinsa ya sayar da bijimai biyu, ya haɗa da kuɗin amfanin gona, ya ce a nemo wa yaro abin hawa. Suka shiga birni da la'asar sakaliya, ba bakanike, ba wanda ya san mota. Dillali ya nuna musu wata babba mai filogi shida, tana walƙiya, kuɗinta kuma bai kai na wata ƙarama da ke gefenta ba. Yaro ya ce ita yake so. Suka biya, suka taho gida ana ta murna. Ba ta rufa wata biyu ba giya ta ƙi shiga. Makanikan garinmu suka ce ba su taɓa buɗe irinta ba, abin da ya lalace kuwa sai an aika Legas. A yau tana nan gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, yaro ya koma hawan acaɓa, bijimai kuma sun tafi.

Saboda haka maganata ta yau guda ɗaya ce. Mota mai araha ita ce wadda za ka iya riƙewa a kan hanya, wato wadda bakaniken garinku ya san cikinta, kayan gyaranta suna kasuwa kusa da kai, kuma aljihunka zai iya ciyar da ita. Duk sauran abin da zan faɗa bayani ne a kan wannan.

KUƊIN MOTA BA YA ƘAREWA RANAR CINIKI

Sanin kowa ne cewa wanda ya sayi doki sai ya tanadi dawa da harawa. To, haka mota take. Bayan kuɗin saye akwai fetur, da juyen baƙin mai, da taya, da batir, da lasin, da inshora, da ladan bakanike.

Mu fara da fetur. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, kuma cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500. Daga wannan lokaci shan mai ya zama abu na farko da mai sayen mota zai duba. Bari mu yi ɗan lissafi tare. Mu ɗauka yaro yana yin tafiyar kilomita 40 kowace rana, zuwa da dawowa. A wata ya yi kilomita 1,200 ke nan. Idan motarsa tana cin kilomita 12 da lita ɗaya, zai sha lita 100 a wata. Idan kuwa kilomita 8 take ci da lita, zai sha lita 150. Bambancin lita 50 ne a wata, lita 600 a shekara. Kowa ya buga wannan da farashin mai na garinsu, zai ga cewa rangwamen da aka yi masa a kan babbar mota zai koma gidan mai tun shekara ba ta zagayo ba.

Shawarata ita ce, cikin kowace Naira 100 da ka tanada, kada ka kai wa mai mota fiye da 80. Ka ɓoye 20 domin gyaran farko da takardu. Babu motar hannu da ba ta da abin gyara. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a ranar ciniki, ƙaramin ciwo ne zai kwantar masa da mota.

WACE IRI ZA A SAYA?

Kafin ka je wurin dillali, fara zuwa gareji. Ka zauna da bakaniken da zai riƙa duba motar, ka tambaye shi wace iri ya fi gyarawa, wace iri ce kayanta ba sa wuya. Sa'an nan ka tsaya bakin tasha ka ga irin motocin da direbobin haya suke wahalarwa a kan hanyarku. Direban haya ba ya sayen abin da zai kwana a gareji.

Dattawan da ke nan za su tuna zamanin Peugeot 504. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, kuma abin da ya sa ta yi farin jini shi ne kowane gari akwai wanda ya iya gyaranta, kowace kasuwa akwai kayanta. Wannan ma'auni bai canza ba, motocin ne kawai suka canza.

Ga sabon direba, a nemi mai filogi huɗu, wadda girman injinta yake tsakanin lita 1.0 da 1.8. Ga kaɗan daga waɗanda aka saba da su a ƙasar nan.

Toyota Corolla. Tun 1966 ake ƙera ta, kuma ya zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Samfurin 2003 zuwa 2008 ya cika garuruwanmu, kayansa kuwa akwai su a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Aibinta tsada wajen saye, amma idan ka tashi sayarwa ba za ka rasa mai so ba. A lura, wasu injinan Corolla na 1998 zuwa 2002 an san su da shan baƙin mai.

Toyota Yaris, wadda ta fito a 1999, da Nissan Micra ta 1992 zuwa 2002. Ƙanana ne ƙwarai, ba su da shan mai, sun dace da zirga-zirgar cikin gari. Sai dai ba a yi su don ɗaukar buhunan masara ba.

Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991. Makanikanmu sun san ta kamar yunwar cikinsu. Amma ta tsufa, da yawa sun gaji da aikin haya, kuma tsatsa tana cin ƙasanta. A duba sosai.

Peugeot 206, wadda ta fito a 1998. Tana da sauƙin kuɗi da sauƙin mai. Ka tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya. Idan samansu ya karkata ciki, ƙafar baya ta ci, gyaran kuma ba na wasa ba ne.

Akwai wata tambaya da ya kamata a yi wa bakanike: injin nan da sarƙa yake aiki ko da bel? A cikin inji akwai abin da ke daidaita motsin bawul da fistin. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8, da Yaris, da Micra, sarƙa gare su, tana daɗewa muddin ana juyen mai a kan lokaci. Yawancin Golf 3 da Peugeot 206 bel na roba gare su. A injuna da yawa, idan bel ɗin nan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa su. Don haka wanda ya sayi mai bel, ya canza shi tun a makon farko, kada ya dogara da rantsuwar mai sayarwa.

Game da giya, ta hannu ta fi sauƙin gyara a karkara, kuma idan batir ya mutu ana iya turawa ta tashi. Atomatik ta fi daɗin tuƙi a cunkoso, amma idan ta lalace kuɗinta ya fi yawa. Haka kuma a dubi tsayin motar daga ƙasa. Motar da cikinta yake gogar ƙasa a hanyar ƙauye da damina, ba za a daɗe ba tukunyar mai ta fashe.

'YAR BELJIYAM KO WADDA AKA HAU A GIDA?

Motocin hannu iri biyu ne a wurinmu. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje, wadda muke kira 'yar Beljiyam saboda da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam ake lodo su, ko 'yar Kwatano. Yarbawa suna ce mata tokumbo. Akwai kuma wadda wani ya riga ya hau a nan gida.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda masu su suka yar. A Amurka, motar da ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora yakan biya mai ita, ya yi gwanjonta da araha. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta afka wa birnin Houston a 2017, ta lalata dubban ɗaruruwan motoci. Irin waɗannan akan saye su, a gyara jiki, a yi fenti, a kawo mana. Motar da ta sha ruwa kuwa, wayoyinta suna ruɓewa a hankali, yau wannan ya mutu, gobe wancan.

Saboda haka kalmar "Beljiyam" ba shaidar lafiya ba ce. Sau da yawa motar wani malamin makaranta da ka sani, wanda ka ga yadda yake lallaɓa ta, ta fi wadda ba ka san tarihinta ba.

A kuma guji motar da aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Waɗanda aka yi domin Ingila ko Japan nasu a dama yake, sai a yanke a mayar hagu, a taɓa sitiyari da birki da wayoyi. Ba kowane mai juyi ne ya iya ba. Idan ka ga mabuɗin bonet yana gefen fasinja, ko ka ga alamun walda a bayan allon gaba, ka nemi bayani.

RANAR DUBA MOTA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya shi ladansa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka je da safe, rana tana haske. Kada a duba mota da magariba ko cikin ruwan sama, domin a lokacin kowane fenti kyau gare shi. Ga abubuwan da za a bi ɗaya bayan ɗaya:

1. Ka taɓa bonet kafin a tayar. Idan da zafi, an riga an ɗumama injin kafin ka zo. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa.

2. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi na gaban direba, na inji da na mai da na batir da na jakar iska, dole su kama, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala.

3. Ka dubi hayaƙin salansa. Shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa yana shiga inji, galibi gaskit ya ƙone. Baƙi yana nufin fetur yana yin yawa.

4. Ka buɗe murfin baƙin mai. Idan ka ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa, alama ce mai da ruwa suna haɗuwa. Ka leƙa lagireto tun inji yana sanyi, kada a ga mai yana yawo a kan ruwan. Kada a kuskura a buɗe lagireto inji yana da zafi.

5. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya taya. Busasshen taɓo, da tsatsa a ƙarafan kujera, da warin rima, alamun motar ambaliya ne. Turare mai yawa a cikin motar sayarwa shi ma abin tambaya ne.

6. Ka bi jikin motar da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe, an cike wurin da ƙullin masu gyaran jiki. Ka duba ko ƙofofi da bonet suna rufuwa daidai. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi. Motar da shasinta ya taɓa lanƙwashewa, a bar ta ko da kyauta ce.

7. Kada ka yarda da maleji kaɗai, domin ana mayar da shi baya. Ka dubi robar birki da kuloci da sitiyari da kujerar direba. Idan sun cinye alhali maleji yana nuna tafiya kaɗan, ɗaya daga cikinsu yana ƙarya.

8. Ka karanta shekarun taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layi da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, robar ta bushe, kuma zafin kwalta yana iya fasa ta.

9. A hau ta a yi tafiya ta aƙalla rabin sa'a, a kwalta da kuma hanyar burji. A kashe rediyo a saurara. A shiga kowace giya har da ta baya. A taka birki a ga ko tana fizga gefe ɗaya. A sa ido a kan allurar zafi.

Idan mai mota ya ce sauri yake yi, ko ya ce wani yana nan tafe da kuɗi, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Motoci ba su ƙare a duniya ba, kuma sauri ya haifi nawa.

TAKARDU

A nan ne karatu yake rana. Kusan kowace mota da aka ƙera tun daga 1981 domin manyan kasuwannin duniya tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa, ko an buga ta a jikin ƙarfen motar. Ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan ce, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin da aka yi domin Amurka, na goma yana nuna shekara: 5 shi ne 2005, 8 shi ne 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai za ka kama dillalin da ya ƙara wa mota ƙuruciya.

Ka ɗauki takardu a hannunka, ka bi lambar nan harafi bayan harafi, ka tabbata abin da ke jikin mota shi ne a takarda. Idan karatunka bai yi ƙarfi ba, ka tafi da wanda ya iya, wanda kuma ka amince da shi.

Takardun da za ka nema su ne: shaidar biyan kuɗin kwastan, da shaidar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota ta jami'an VIO, da inshora. A watan Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. Irin wannan mota ana iya ƙwace ta a hannunka ko da kai ne mutum na uku da ya saya. Don haka a kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin a biya. A kuma bincika wurin 'yan sanda ko motar sata ce.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon Naira 5,000, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta Naira miliyan 3. A yanke ta a kamfani mai rajista. Takardar da aka buga maka a gindin bishiya ba za ta biya kowa ba ranar da tsautsayi ya faɗa.

Daga nan a rubuta yarjejeniyar ciniki, da sunan mai sayarwa da adireshinsa da hotonsa, da lambar shasi, da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. A biya ta banki domin a sami shaida. Sa'an nan a yi canjin suna ba tare da jinkiri ba.

SHI KANSA DIREBAN

Iyayena, duk abin da na faɗa a kan dukiya ne. Yanzu ga maganar rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wato waɗanda muke shirin miƙa wa makulli su ne suka fi shiga hatsari.

Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa na ce a sayi mai ƙaramin inji. Jinin ƙuruciya da babban inji ba su cika wanyewa lafiya ba. Idan kuɗi ya isa, a fifita motar da take da jakar iska da birkin ABS, wanda ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. A ja kowane bel na kujera a tabbata yana kamawa. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ke kujerar gaba.

Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi tuƙi ba. Yaro ya shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, ya yi gwaji, ya karɓi lasinsa ta hanyar da ta dace. Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motar gida gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Lambarta ta neman agaji ita ce 122, kowa ya rubuta ya ajiye.

Ku kuma ƙannena, ga naku. A watannin farko ku rage tafiyar dare, kada ku cika mota da abokai masu zuga, kada ku taɓa waya kuna tuƙi. Wasan mota a wurin biki ya raba iyaye da yawa da 'ya'yansu. Kowace safiya ku duba ruwa da baƙin mai da iskar taya kafin ku tayar. Idan allurar zafi ta hau, ku tsaya nan take, kada ku ce bari in ƙarasa gida, domin wannan 'yar tafiyar ita ce takan kashe inji.

Daga ƙarshe, jama'a, idan an tashi saye a fara da gareji kafin a je wurin dillali, a duba da rana, a karanta takardu, a kuma rage wani abu a aljihu. Da yayana ya sami wanda ya gaya masa haka, da ɗansa yana cikin motarsa a yau. Sayen nagari, in ji masu iya magana, mayar da kuɗi gida ne.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa kowa ya koma gida lafiya.